Jan Biro a Gefen Littafin Dauloli

Har gobe ban yarda na ɓata littafin nan ba. Na faɗa a gaban matar laburare, na faɗa a gaban uwargidana, kuma ko yanzu aka tashe ni daga barci, bayan salati abin da zan fara faɗa ke nan. Amma bari in ɗauko zancen daga tushe, kada a ce Bakano ya fara da rantsuwa bai kawo hujja ba.

A ƙarshen shekarun tamanin ina tuƙa wata ƙaramar bas a filin jirgin sama na New York. In kwaso matuƙa jirgi da ma'aikatansu in kai su otal, in ɗebo waɗanda suka huta in mayar. Aikin a rabe yake gida biyu: daga asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa bayan magariba. Tsakiyar ranar duk tawa ce, sai dai ba ni da inda zan kai ta. Muna zaune a unguwar Jamaica, cikin yankin Queens, ɗaki biyu a saman wani shagon wankin tufafi. Uwargida tana can tana kula da wata tsohuwa har yamma, yara suna makaranta, mai gidan hayar kuwa da ya ga ƙarfe tara ta buga sai ya kashe hita, wai ai ba kowa a gidan. Ni ne ba kowan.

Sanyin shekarar kuwa, wanda bai gani ba zai ce ƙari nake yi. In ka yi atishawa a bakin titi, kana ji za ta faɗi ƙasa ta fashe kamar kwalba. Saboda haka gara in faɗi gaskiya tun da sauranta a bakina: ba neman ilimi ne ya kai ni laburare ba, ɗumi ne. Na ga wani gini mai haske, mutane suna shiga suna cire kwat, na ce duk inda ake cire kwat a watan Janairu gidanmu ne.

A bakin ƙofa na ji mai gadi yana buga ƙafa a ƙasa yana cewa, "Wannan sanyi, Allah ya isa." Da Hausa fa! Na tsaya cak, na ce, "Amin, amma wa za ka kai ƙara?" Ya juyo baki buɗe, har na ga goron da ke ciki. Mutumin Kumasi ne, ɗan Zango, ya ɗan girme ni, ya kuma sauke farali. Tun daga ranar ni ne Bakano, shi ne Alhaji, kuma ba mu taɓa rabuwa ba sai mun yi gardama a kan wanda Hausarsa ta fi lalacewa.

Shi ya nuna mini matar da ke bayan kanta. Ya ce, "Tafi wurin Madam, shi ke ba da kati. Ba ya dariya, amma ba ya cizo."

Doguwar baƙar dattijuwa ce, tabarau rataye a wuya da 'yar sarƙa, fuska kamar ta alƙalin da aka hana shi karin kumallo. Ta tambayi sunana da inda nake zaune, ta duba takardar da na nuna mata, ta miƙo mini kati. Na tsaya ina jiran sauran tambayoyin da na saba: wa ya kawo ka, me kake yi a nan, yaushe za ka koma. Ta ɗago ta ce, "Akwai wani abu ne?" Na ce babu. Katin nan shi ne takarda ta farko da aka taɓa ba ni a ƙasar nan ba tare da an tambaye ni ranar tafiyata ba. Na sa shi a aljihun ƙirji, wurin da hoton mahaifiyata yake.

Da farko gyangyaɗi nake yi a kan jarida. Wata rana jaridar ta ƙare gyangyaɗin bai zo ba, sai na miƙa hannu kan kantar da ke bayana na zaro abin da ya zo. Littafin tarihin Amurka ne, juzu'i na farko cikin uku, na wani tsohon farfesa. Hotonsa yana bayan littafin, gemu fari, ido a ƙanƙance kamar mai cinikin shanu. Na buɗe don in samu barci, na rasa barcin gaba ɗaya. Mutumin ya iya ba da labari. Turancinsa ba ya tuntuɓe, ba ya kuma ɓoye wa mutanensa laifi. Ya kawo zuwan jiragen ruwa, da yadda aka yi wa masu ƙasar na asali, da bayi, da tawayen da aka yi wa sarkin Ingila, da yaƙin basasarsu. Ranar saura ƙiris in bar matuƙa jirgi tsaye a ƙofar otal da jakunkunansu.

To, a nan ne tarbiyyar gidanmu ta shigo. Mahaifina malamin zaure ne a cikin birnin Kano, kakana kuma badukun gafaka ne, wato jakar fata da ake adana littafi, kuma shi ma yana da karatu. A gidanmu ba a karanta littafi hannu rabbana. Kana karatu alƙalami yana hannunka, inda marubuci ya yi daidai ka shaida masa a gefen warƙa, inda ya taƙaita ka ƙara, inda ya zame ka ɗaga shi da ladabi. Wannan rubutun gefe shi muke kira hashiya. Ƙarin bayani da baƙar tawada, gyara da ja. Mahaifina in ya ara wa ɗalibi littafi ya dawo masa da shi fes, sai ya juya shi ya ce, "Kai, matashi ka yi da shi ko karatu?" Kuma ba a yi wa littafin banza hashiya. Sai wanda ya isa.

Farfesan nan ya isa. Na sayi biro biyu, baƙi da ja, na fara aiki da ajami, don shi hannuna ya fi saurin bi. Inda ya ba da labarin yadda suka zubar da ganyen shayi a teku don fushin haraji, na rubuta cewa fushin daidai ne, amma asarar shayin Buzaye ba za su yafe ba. Inda ya kawo yaƙin basasa, na rubuta cewa mu ma mun ɗanɗana namu, babu wanda ya ci riba sai masu haƙa kabari. Na gama juzu'i uku, na koma na farko na sake bi, domin karatu ɗaya gaisuwa ce kawai.

Sannan na tarar da babban. Littafinsa na daulolin duniya da suka shuɗe. Girmansa kuwa, da za a ɗora wa jaki sai ya nemi lauya. Na ɗauko shi da hannu biyu, Alhaji yana kallo daga ƙofa yana cewa, "Bakano, in ya faɗo maka a ƙafa ba ni da mota fa." Rumawa, Farisa, mutanen Sin, mahaya dokin nan na Mangoliya, Turkawa, Ingila: kowace daula yadda ta tashi, yadda ta yi ƙiba, yadda ta fara biyan wasu su yi mata gadi, yadda ta faɗi. Ina karantawa ina leƙen tagar laburare, ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa, ina cewa a raina, ku ma dai kuna cikin layi.

Ina ta jiran mu. Na wuce rabi, ban gan mu ba. Can kusa da ƙarshe na iske mu, duk ƙasashen baƙar fata, a shafi ɗaya da rabi, da wata taswira mai yashi da hoton raƙumi. Raƙumin ma ya fi mu samun wuri. Wallahi sai da na ajiye littafin na fita waje na sha iska, sanyi ya mare ni, na dawo na cire murfin jan biro.

Na rubuta Mali da sarkinta da ya tafi hajji da zinariyar da ta girgiza kasuwar Masar. Na rubuta Songhai da malaman Tumbuktu. Na rubuta Borno, wadda ta daɗe a kan mulki har maƙwabta suka gaji da jiran faɗuwarta. Na rubuta Sakkwato da garuruwan da ke ƙarƙashinta. Gefen dama ya cika na koma hagu, hagu ya cika na hau sama, na juya littafin a kife na bi ƙasa, yadda ake yi. A babin Ingila, inda ya ci ƙasarmu da jimla ɗaya ya wuce kamar mai tsallake kwata, na ba shi abin da kakana ya gani da idonsa ranar da Turawa suka ci Kano: ƙarar igwa da safe, hayaƙi a wajen ganuwa, shi kuma yana cusa littattafan mutane a cikin rumbun dawa yana rufewa da zangarniya. Kakan ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ba a yi mako ba kasuwa ta ci, ya ga wata tsohuwa tana ciniki a kan gishiri kamar ba a yi komai ba. Na rubuta wa farfesa cewa wannan tsohuwar ce ya manta a duk daulolin nasa.

Da na kammala sai na rufe yadda ake rufewa. A shafin ƙarshe na rubuta cewa wanda ya yi wannan hashiya shi ne wane ɗan wane ɗan wane, mutumin Kano, direba, mazaunin Jamaica, duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Don kada mai addu'a ya yi ɓatan kai, na ƙara da sunan titinmu. Haka na yi wa duka huɗun. Mutumin kirki ba ya gyara malami ya ɓuya.

Shekara uku ba wanda ya ce uffan. Wannan ya tabbatar mini cewa duk faɗin Queens ni kaɗai ke buɗe littattafan nan, ni da ƙura.

Ranar da abin ya fashe, Talata ce da hantsi, a farkon shekarun casa'in. Ina shiga na ga kujerar mai gadi ba kowa. Sai na jiyo murya daga wajen kanta, ana rera karatu da irin muryar masu jan baƙi a wurin tafsiri. Na kasa kunne. Sunana ne. Ga na mahaifina ya biyo, ga na kakana. Alhaji ne tsaye, littafin dauloli a buɗe a gabansa, ya sa tabarau, yana bin ajami da yatsa, fuskarsa tana ƙyalli don alfahari. Ashe wata ɗaliba ce ta ari littafin ta dawo da shi tana ƙorafi, Madam ta rasa mai karanta rubutun, ta tuna mai gadinta yana karanta irinsa a ɗan littafin addu'arsa.

Yana ganina ya ɗaga hannu. "Ga shi nan ma! Madam, ga malamin da kansa! Bakano, ashe haka kake? Wallahi ka wanke mu. Amma ina daularmu ta Asante? Ka manta Asante."

Na ce, "Alhaji, rufe bakinka."

"Me ya sa? Aikin lada ne."

Madam ta sa tabarau, ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta jero sauran ukun a kan kanta kamar kayan sata a caji ofis. Da Turanci muka yi, amma ga yadda ta kasance.

Ta ce, "Kai ka yi wannan?"

Na ce, "Ai ga sunana nan, Madam. Da titi."

"Shekara ashirin ina aikin nan. Na ga masu zanen banza, na ga masu yage shafi, na taɓa samun soyayyen ƙwai a tsakiyar littafi. Ban taɓa ganin wanda ya bar adireshi ba."

Na ɗauka yabo ne, na ce na gode. Ta ce in miƙo katina. Na zaro shi daga bayan hoton mahaifiyata na ba ta, ta jefa a aljihun tebur ta rufe. Ta ce sai na kawo sababbin littattafai a madadin waɗannan. Na ce wannan ba komai, kuma kafin mako ya zagayo na kawo su, fes, ba ko ɗigo, abin tausayi. Sai ta zaro wata takarda. Ta ce in sa hannu a nan, katina ya dawo. Na karanta a hankali. Takardar tana cewa ni wane na amsa cewa da gangan na ɓata dukiyar jama'a, kuma ba zan sake ba.

Na ce, "Madam, akwai kuskure a nan. Ban ɓata ba. Cikawa na yi."

"Ka yi rubutu a littafin da ba naka ba."

"Shi ma ya yi rubutu a kan ƙasar da ba tasa ba, kuma bai kai ni tsawo ba."

Alhaji ya yi wata 'yar dariya ya haɗiye ta tare da goro. Madam ba ta motsa ba. Ta ce kalmar a buge take, ba ita ta rubuta ba, ba kuma za ta iya canja ta ba. Ko in sa hannu, ko in manta da aro, da zama a ɗakin karatun manya ma, sai an ga hali. Na ce in na sa hannu a kan wannan kalmar, na ce mahaifina maɓarnaci ne, kakana ma haka, da duk malamin da ya taɓa riƙe alƙalami a garinmu. Na gyara hula, na yi mata sallama irin ta mutunci, na fita ina taku kamar mai gayya a bayansa.

Takun ya ƙare a bakin titi, inda iska ta tuna mini cewa watan Disamba ne.

Mako bakwai na yi a waje. In na sauke matuƙa jirgi na ƙarshe da hantsi, sai in ajiye bas a inda ake ajiyewa, in zauna a ciki da bargo. Ba a yarda a bar inji yana aiki ba, saboda haka ni da bas muke daskarewa tare, kamar 'yan'uwa. Yatsuna suka koma kamar busasshiyar kuɓewa. Na gwada shagon shayi, suka fara goge teburin da nake zaune a kai sau goma a awa. Na gwada wani laburaren a can gaba, amma na tsaya a ƙofa na kasa shiga, don na san sunana yana cikin injinsu, kuma ban shirya a sake karanta mini kalmar nan ba. Abin da ya fi sanyin ciwo shi ne aljihuna. In na kai hannu in taɓa hoton tsohuwa, sai in ji ita kaɗai ce a ciki.

Uwargida kuwa ba ta raga mini ba. Ina shan kunu da safe ta ce, "Malam, yau wace daula za a ceto?"

Na ce, "Ke ba ki san darajar ilimi ba."

"Na san darajar huhu. Tarin nan naka har maƙwabta sun fara amsawa. Ka je ka sa wa matar nan hannu, takarda ce fa, ba kabari ba."

"Ba zan ce na yi ɓarna ba."

"To ka ce ka yi gyara a gidan da ba a kira ka ba. Ni da za ka yi wa famfon kicin hashiya da na gode, wata biyu yana ɗiga."

Alhaji ma ya same ni a masallaci ranar Juma'a, yana ta sosa ƙeya. "Bakano, ka yafe mini. Ni na zaci lambar yabo za su ba ka." Na ce na yafe, amma Asante ba za ta shiga ba sai ya kawo hujja. Ya ce Madam yana tambayarsa ko ina da rai. Na ce ya gaya mata ina nan, kuma ban canja ba.

Ranar da tarin ya hana ni gaisa da fasinja, na san dole a yi ta ta ƙare. Amma ban je don in ba da haƙuri ba. Na buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, na ɗauko gafakar da kakana ya ɗinka da hannunsa, wadda mahaifina ya ba ni ranar da zan baro gida. Littafin fiƙihu ne a ciki, warƙa warƙa, ba ɗinki, takardar ta yi launin ƙasa. Na rungume shi a cikin kwat har laburare.

Alhaji ya buɗe mini ƙofa har da sarawa. Na je gaban kanta na ce, "Madam, ban zo roƙo ba. Shaidu na kawo."

Na kwance igiyar fata, na shimfiɗa warƙa uku a gabanta. A tsakiya ga matanin littafin, layi bakwai kacal, manya. Kewaye da shi kuwa rubutu ne ko'ina, wani a miƙe, wani a karkace, wani ya hau sama kamar tururuwa ta ga sukari. Ta sa tabarau. Ta kai hannu, ta fasa, ta goge hannun a siket, sannan ta taɓa gefen takardar da ɗan yatsa.

Na ce, "Wannan baƙin, hannun kakana ne. Wannan siririn na malaminsa ne. Jan nan kuma mahaifina."

"Me jan yake cewa?"

Na karanta mata: "Baba ya zame a nan, Allah ya gafarta masa, ga daidai."

"Ya gyara mahaifinsa? A littafin mahaifin?"

"Da ladabi. Kuma ya sa suna."

Wani abu ya motsa a gefen bakinta. Ba zan ce dariya ba ce, kada in yi mata ƙazafi, amma 'yar'uwar dariya ce ta nesa. Ta sunkuya ta ɗauko juzu'i na farko na tarihin Amurka, wanda na cika. Ashe ba ta zubar da su ba, suna ƙarƙashin kanta. Ta buɗe babin bayi, inda jan biro ya fi yawa, ta ce, "Nan fa?"

Na ce na rubuta cewa cikin waɗanda aka kawo a ɗaure akwai masu irin wannan rubutun, waɗanda suka bar littattafai irin wannan a gidajensu, ba su sake ganinsu ba. Na ce a ƙasa kuma addu'a ce gare su da jikokinsu.

Ta dubi shafin. Sannan ta rufe ta ce, "Wannan bai canja doka ba." Ta zaro takardar nan, ita dai, da kalmarta, ta ajiye a gabana.

Na dubi takardar. Rubutu a tsakiya, layi bakwai ko takwas. Kewaye da shi fili fari tas, sama da ƙasa, dama da hagu, yalwatacce kamar gonar gado. Na ce, "Madam, wannan takardar aro ce, ko ba ni aka yi in cika?"

"Taka ce ka cika."

"Duka?"

Ta dube ni ta saman tabarau. Na zaro jan biro.

Na sa 'yar alama a kan kalmar ɓarna, na ja siririn layi zuwa gefe, yadda mahaifina yake yi. Na rubuta da Turanci, don kada a sake wahalar da Alhaji, cewa mai wannan takarda ya zame a nan, Allah ya gafarta masa, daidai shi ne cikawa. Na rubuta cewa na amsa na yi rubutu, na amsa littafin ba nawa ba ne, na amsa ban nemi izini ba, kuma wannan ɗin kuskurena ne. Amma ɓarna ban yi ba. Dama ta cika na koma hagu. Na kawo Mali a taƙaice. Na juya takardar a kife na bi ƙasa, layin mutane ya taru a bayana har ƙofa, wani tsoho yana huci kamar tukunyar wake. Da na gama na sa hannu a kan layin da suka tanada, na ƙara sunan mahaifina da na kakana, don su ma a kansu ake magana.

Ta karɓa, ta karanta tsakiya, ta juya takardar ta bi gefe har ta dawo inda ta faro. Ta ɗauki hatimi ta buga, ƙau. Ta buɗe aljihun tebur ta miƙo mini katina.

"Daga yau," in ji ta, "biro yana tsayawa a wurin mai gadi. Duka biyun."

"Fensir fa?"

"Kada ka gwada ni, Mista."

Na ce ta kwantar da hankalinta, fensir na mai shakka ne, ni ba na rubuta abin da zan goge. Ta tura mini littattafan nan huɗu, ta ce tunda na kawo madadinsu, waɗannan nawa ne, in kwashe su kafin ta canja ra'ayi. Na mayar da kati bayan hoton tsohuwa, na je kusa da hita na zauna, na yi barcin da ban taɓa yin irinsa ba tun da na zo ƙasar, da rana tsaka, baki buɗe.

Littafin dauloli bai zauna a gidana ba. Alhaji ya fara ara, ya dawo da shi da Asante a gefen babin Farisa, don nan ne kawai ya samu wuri. Daga nan littafin ya tafi unguwar Bronx wurin wani Bazabarme mai aiki a ofishin jakadanci, ya gyara mini Songhai da Faransanci. Littafin ya haye ruwa zuwa unguwar Park Hill, wani Babarbare ya cika shafi biyu da fushi, wai na rage wa Borno shekaru. A ƙarƙashin labarin kakana ma akwai wani ɗan rubutu da baƙin biro, hannun uwargida, wai a gidan an ce rumbun gero ne ba na dawa ba. Ta sa suna.

Na ci gaba da zuwa laburaren har ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da aka canja mini aiki zuwa na yini sur. Kullum in na iso, Alhaji zai miƙo tafin hannu ba tare da ya dube ni ba, in zuba masa baƙi da ja, ya sa a aljihu tare da goro. Sababbin littattafan farfesa suna nan a kan kanta, gefensu fari fat, in na wuce sai in kau da kai don kunya. Takardata kuwa tana cikin fayil ɗinsu da hatimi a kai. Duk mai cewa na amsa laifin ɓarna, ya je ya nemi a nuna masa, ya karanta gefe.